Jegon Farar Beya

Duk wanda ya san Malam Almu Mainasara a ƙarshen aikinsa ya san shi da hali guda: in dabba ta haihu a hannunsa, ko kai wane ne ba za ka gan ta ba. Ya taɓa mayar da manyan baƙi da 'yan rakiyarsu daga ƙofar kejin barewa, ya taɓa hana 'yan makaranta mota guda leƙa kura. Har suna aka laƙaba masa, wai Hana-Barka. Masu magana suka ce girman kai ne irin na wanda ya sha ruwan Ingila. Ba su san Almu ba ne. Mutumin da a da ko akuyar maƙwabta ce ta haihu sai ya taka ya je ya yi barka, ai ba a banza zai koma haka ba. Abin ya samo asali ne a Landan, cikin hunturun shekarar 1974.

Almu mutumin Nguru ne, malamin dabbobi, aikinsa bin rugage a kan keke yana yi wa shanu allura. Bai taɓa sa ran zai wuce Kaduna ba. Sai kuɗin mai ya ɓalle, kowace ma'aikata ta shiga tura mutane kwas ƙasar waje, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Jiharsu ta ce ita ma sai ta yi gidan namun dajin da za a riƙa zuwa kallo, don haka ana neman wanda zai je ya koyo rainon dabbobin dawa. Wani babban jami'i a ma'aikatarsu, Alhaji Nata'ala, wanda ya yi zaman mutunci da mahaifin Almu, shi ya sa sunansa. Haka Almu ya tattara amaryarsa Zinatu da akwatin ƙarfe guda, suka sauka a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan titin Old Kent Road, inda motocin bas ke girgiza tagogi tun asuba.

Wurin da aka tura shi wani ƙaramin gidan namun daji ne can bayan Croydon. Ya zaci wajen raƙuman dawa za a kai shi, ko zaki, abin da dai zai yi amfani a gida. Ina! Aka haɗa shi da wata Baturiya mai suna Margaret, doguwa, mai furfura, marar yawan magana, aka ce ita ce shugabarsa, aikinta kuwa kula da farar beya. Beya wata dabba ce mai kama da ƙaton kare marar jela, ita wannan farar daga ƙasar ƙanƙara kakanninta suke. Sunanta Tilda. Ranar da Almu ya fara ganin ta miƙe a kan ƙafafunta na baya, ta fi ƙofar zaure tsawo, bai san lokacin da ya ja da baya yana salati ba. Mutumin Nguru, garin da rana ke dafa ƙwai, shi aka ɗora wa dabbar da ke kwana a kan ƙanƙara. Amma Almu mai son dabba ne tun yana yaro, kafin wata uku har ta san takunsa.

Da sanyi ya fara shigowa, Tilda ta yi ƙiba, ta rage cin abinci, ta koma jan ciyawa tana kaiwa cikin kogon siminti da aka gina mata a bayan filinta. Margaret ta ce ciki ne da ita. Nan da nan aka rufe hanyar da masu kallo ke bi, aka kafa shinge mai nisa, aka jera damman ciyawa a bayan kogon har suka rufe ƙofar ƙarfen da ake zura mata abinci ta 'yar tagar jikinta. Sannan Margaret ta zaunar da Almu a ɗakin ma'aikata ta yi masa magana mafi tsawo da ya taɓa ji daga bakinta.

Ta ce a ƙasarsu ta asali, uwar beya rami take haƙawa cikin ƙanƙara ta shige, ta haihu a ciki, ba ci, sai kitsen jikinta take sha har bazara. Ɗan da take haifa bai fi gafiya ba, makaho, ba shi da abin da zai kare shi daga sanyi sai ƙirjin uwarsa. In ta ji motsin mutum kusa, ko ƙarar inji, sai ta ɗauka ramin ya ɓaci. Wata takan fice ta bar 'ya'yan su daskare, wata ta danne su garin firgita, wata ma ta cinye su. Ta ce yanzu haka masu neman mai sun shiga can da manyan motocinsu suna tayar da iyaye daga ramuka, har ƙasashen da ke wurin suka yi yarjejeniya a kan a ƙyale wuraren haihuwar nan. Ita Tilda kuma ta taɓa haihuwa sau ɗaya, masu gyaran titi suka kunna injin fasa kwalta a bayan katanga, da safe aka tarar ba ɗa.

"Saboda haka, Almu, ba leƙe, ba abinci, ba tafiya ta bayan kogo. Akwai ruwa a ciki. Mu namu saurare ne kawai."

Ta nuna masa wata 'yar lasifika a kan tebur. An saƙala makirfo a rufin kogon, waya ta taho har ɗakin. Almu ya ce ya ji, kuma har ga Allah ya ji ɗin. Kunnensa ne ya ji, zuciyarsa ba ta karɓa ba.

A cikin kwanakin nan Zinatu ta haihu, namiji, aka sa masa Abdulƙadir. Haihuwar baƙin wuri ba daɗi. Ba guɗa, ba cikar gida, sai mata biyu matan 'yan jarida da suka zo da yamma suka koma kafin bas ya ƙare. Zinatu ta yi ta kuka a ɓoye, nono ya ƙi zuwa sosai, yaron kuma ya dinga wani siririn kuka mai tsinka zuciya. Almu ya rasa inda zai sa kansa, har Allah ya kawo mahaifiyar Zinatu, wadda kowa ke ce wa Umma. Ta sauka daga jirgi da kanwa ƙulle a bakin zane, da garin gero, da yajin jego cikin gwangwanin madara.

Umma ba ta tambayi kowa yadda ake yi a Landan ba. Ta ɗora manyan tukwane a kan murhun gas, ta yi wa 'yarta wankan jego a bahon Turawa safe da yamma, har tururi ya ɓamɓare takardar bango. Ta dama kunun kanwa, ta gasa nama, ta tsaya a kan Zinatu sai ta cinye. Shi kuwa Almu kunyar suruka ta mayar da shi baƙo a gidansa, ɗaki biyu ba wurin kaucewa, in ta fito ya shige, in ta shige ya fito. Amma cikin mako guda nono ya kawo, kukan yaron ya yi kauri, kumatu suka fito. Almu ya gani da idonsa, kuma abin da ido ya gani ba a musa wa zuciya.

Wata safiya a farkon Disamba ya shiga ɗakin ma'aikata ya tarar da Margaret ta kafa kunne a jikin lasifika, ta ɗaga masa yatsa. Ya matso a hankali. Can cikin shuu ɗin na'urar ya ji wani ɗan gurnani mai daɗi, kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. Ta ce haka 'ya'yan beya ke yi in suna shan nono. Suka ƙara saurarawa. Keken ɗinkin nan ba ɗaya ba ne. Akwai mai kauri, akwai wani siriri da ke biyo bayansa.

"Biyu ne," in ji Margaret, idonta ya kawo ruwa.

Almu ya dawo gida ranar bakinsa ya ƙi rufuwa. Da ma ya yi shiru! Amma wa zai riƙe labarin tagwaye a ciki? Ya faɗa wa Zinatu, Umma tana jiyowa daga ɗakin girki.

"Barka, barka!" ta ce daga can. "Malam, to me kuke ba mai jegon?"

Almu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba a ba ta komai, Umma. An yi closing wurin gaba ɗaya, sai bazara."

Umma ta fito da ludayi a hannu. "Ba a ba ta komai? Tagwaye fa ka ce."

"Haka irinsu suke, Umma. Kitsen jikinta take sha."

"Kitsen jikinta! To ita wannan da ke zaune ba ta da kitse ne da nononta ya ƙafe? Kai da ka yi kiwon shanu, ka taɓa ganin saniyar da aka ɗaure ba harawa ta shayar da maruƙa biyu? Turawan nan da suka bar mini 'ya da ruwan shayi da biskit, su ne za su san jego?"

Zinatu ta ce, "Umma, aikinsu ne fa, sun fi mu sani."

"Yi mini shiru. Yunwa ba ta san Bature ba."

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma Umma ba da mugunta ta faɗa ba. Sai dai maganar ta sami wurin zama a zuciyar Almu, domin ta tarar da 'yar'uwarta a can. Tun ranar da aka jera damman ciyawar nan yake jin nauyin abin. A garinsu, barin mai jego ita kaɗai cikin duhu ba abinci, ai sai wanda aka yi wa baki.

Daga nan sauraren lasifika ya zame masa azaba. Mai kaurin murya lafiya lau, ya sha ya yi barci. Shi kuwa siririn yakan yi gurnani kaɗan sai ya ɓarke da tsiwa, ya yi ta yi. Almu ya san kukan nan, ya kwana da irinsa a Old Kent Road. Ya ce wa Margaret yana jin ƙaramin ba ya ƙoshi. Ta ce 'ya'yan beya da ma masu kwakwazo ne, in sun suɓuce daga jikin uwa sai ihu, kukan da za a ji tsoro shi ne wanda ba a ji ba. Ya koma bayan kwana biyu ya sake faɗa. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Almu, mafi wuyar aikin nan shi ne ka zauna." Ya zauna ɗin, amma abinci ya daina yi masa daɗi, in ya ɗauki Abdulƙadir sai ya riƙa jin ɗayan kukan a kunnensa.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo daf da Kirsimeti. Aka yi Idi a filin Regent's Park, kusa da inda ake aikin ginin sabon masallaci, mutane na rawar ɗari cikin manyan riguna. Almu da abokansa suka yi layya ta hannun wani mahauci ɗan Pakistan. Da naman ya iso, Umma ta zauna ta kasa shi kamar yadda ake yi, wannan na matan 'yan jarida, wannan na Bayerabiyar da ke ƙasan bene, wannan na tsohon Baturen da ba ya amsa gaisuwa. Sannan ta ware wani dunƙulen kitse fari tas daga wajen ƙoda, ta naɗe a takarda, ta ba Zinatu ta miƙa wa mijinta.

"Na mai jegon wurin aikinsu ne. Naman layya ba a hana maƙwabci, balle mai shayarwa."

Ranar Kirsimeti gidan namun daji a rufe yake. Margaret ta tafi wajen ƙanwarta, ta bar wa Almu makullai domin shi ba bikinsa ba ne, kuma ta yarda da shi. Ya gama ba sauran dabbobi abinci da hantsi, ya zo ya zauna gaban lasifika, ƙunshin Umma na aljihun kwat ɗinsa. Bai fito gida da niyyar komai ba. Cewa ya yi zai ba kyarkeci a ce ya ba ta. Sai siririn ya fara kuka. Ya yi, ya yi, ya ɗan tsaya, ya sake ɗauka, har muryar ta fara dishewa. Almu ya tashi, ya zauna, ya kuma tashi. Ya ce a ransa ai ba leƙawa zai yi ba, ba magana zai yi ba, tagar ce kawai zai ɗaga kaɗan ya zura ya rufe. Tilda ta san warinsa. Ko takalmi ba zai sa ba.

Haka ya bi ta bayan kogon da safa a kan siminti mai sanyi kamar wuƙa. Ya janye dami biyu a hankali. Ya kama sakatar tagar. Abin da bai lissafa ba shi ne sakatar ta yi watanni ba a taɓa ta ba, raɓa da tsatsa sun cije ta. Ya ja, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi kaɗan. Sai ta ƙwace gaba ɗaya, ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙau! Ƙarar ta zaga cikin kogon kamar an buga ganga a ɗaki.

Rurin da ya biyo baya, Almu bai taɓa mantawa da shi ba. Tilda ta taso ta doki ƙofar da dukan jikinta har ƙura ta zubo daga bango. Ya cusa kitsen ta tagar, ya mayar da sakata, ya ja damman, ya ruga ɗakin ma'aikata. A lasifika ba abin da ake ji sai hucinta da takunta, ta je ta dawo, ta je ta dawo. Ba keken ɗinki, ba tsiwa. Ya zauna a wurin har duhun yamma ya shigo, yana roƙon Allah ya sake jiyar da shi kukan nan da ya hana shi sakat. Garin neman gira ke nan.

Washegari Margaret ta zaga daga nesa ta ga damman ba yadda ta bar su suke ba. Ta shigo ta saurari lasifika, ta daɗe, sannan ta juyo.

"Ka buɗe?"

"Na buɗe."

"Me ka ba ta?"

Ya faɗa mata, har da layyar, har da Umma da kunun kanwa. Ya so ta zage shi, ya so ta karɓe makullan ta kai ƙararsa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabarau ta goge, ta ce, "Na san don alheri ka yi. Ita ba ta san haka ba." Sai ta ja kujera ta zauna kusa da shi. Ya tambaya ko za a shiga a duba, a ceto su in da sauran rai. Ta ce in an shiga an gama kashe wanda ya rage. Abin da ya kamata a yi tun farko shi ne dai za a yi yanzu.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi kowanne tsawo a rayuwar Almu. Tilda ta daina zagaye, ta kwanta, ana jin numfashinta. Wani lokaci sai a ji ɗan motsi cikin ciyawa, su biyun su dubi juna, sai kuma shiru. Ko suna raye sun yi laushi ne, ko tuni an gama, ba mai iya cewa. A gida Umma ta tambaye shi ko ya kai saƙo, ya ce ya kai. Zinatu ce kawai ta lura mijinta ya daina ɗaukar yaro, ta tsare shi a bakin ƙofa ya gaya mata. Ta rufe baki da hannu, ta ce kada Umma ta ji.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Nata'ala. Ya shigo Landan sayayya shi da iyalinsa da wasu abokai biyu, ya ce bari ya ga abin da yaronsa ke koyo. Mai gadin ƙofa ya nuna musu hanya, suka taho da hayaniya da dariya, ledojin kantuna a hannu, Alhaji na rataye da kamara mai walƙiya sabuwa ful. Margaret ta tafi ɗauko magani a ofis. Almu ya jiyo Hausa daga nesa, ya fito da gudu ya tare su a bakin shinge. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su, cikin raɗa.

"Kai Almu, mura kake yi? Tashi, tashi. An ce mini farar dabbar taku ta haihu. Buɗe mana mu ɗauki hoto, na yi booking ɗin taksi yana jiranmu," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, ba a shiga."

"Na sani, ga allo na gani. Ai don 'yan kallo aka rubuta. Minti biyu kawai."

"Ranka ya daɗe, don Allah a rage murya. Ba a shiga."

Alhaji ya dubi abokansa, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni ne fa, Almu. Ni na kawo ka garin nan."

Wannan ita ce maganar da Almu ke tsoro. Mutumin nan uba ne a wurinsa, ko a mafarki bai taɓa ce masa a'a ba, ga shi a gaban iyalinsa da abokansa. Amma a bayansa akwai kogon nan mai shiru, kuma ya riga ya san abin da alheri ɗaya ya jawo. Bai tashi daga durƙuson ba, ya miƙa hannu ya riƙe ƙofar shingen.

"Baba, ka yi mini komai. In ka ce in koma gida gobe, zan koma. Amma yau ba wanda zai wuce nan."

Matar Alhaji ta ja mayafi ta ce su tafi, sanyi ya yi yawa. Alhaji ya dube shi, ya ce, "Lallai Ingila ta karɓe ka." Ya juya. Bai ƙara yi wa Almu magana ba sai bayan shekaru, kuma ko da suka shirya, abin bai koma kamar da ba.

Bayan tafiyarsu da 'yan kwanaki, Almu na wanke bokitai, Margaret ta leƙo ta yafito shi da hannu. Ya shigo yana ɗiga ruwa. Keken ɗinki ya dawo, mai kauri, mai ƙarfi, kamar ba abin da ya faru. Almu ya jingina da bango ya yi hamdala, hawaye na zuba. Sannan ya kasa kunne yana jiran na biyun ya biyo baya kamar yadda ya saba. Ya jira har aka tashi aiki. Ya jira gobe, ya jira jibi.

Margaret ta ce masa sau da yawa a tagwayen beya ɗaya ba ya kai labari, ko a dawa, ko ba wanda ya taɓa ƙofa. Ta ce mai yiwuwa ne da ma ƙaramin ba mai rayuwa ba ne, kuma mai yiwuwa ne muryoyinsu ne suka haɗe, makirfo ɗaya ba ya rabewa. Ya tambaye ta kai tsaye ko shi ne sanadi. Ta ce, "Ban sani ba, Almu. Ba kuma za mu sani ba." Da ta ce masa e, da ya fi samun sauƙi. Ya riƙe zancen haɗewar muryoyin nan kamar mai riƙe da reshe, ya yi ta saurare har sanyi ya fara sassautawa.

A watan Maris Tilda ta nuna alamar fitowa. Aka buɗe ƙofar gaba ta kogon, aka yarda ma'aikata su kawo iyalansu su tsaya nesa, ba tafi, ba hoto. Umma ba ta koma ba tukuna, an je ofishin shige da fice a Croydon an ƙara mata watannin biza, don haka ta zo da jikanta a goye cikin bargo, Zinatu na gefenta. Tilda ta fito ta rame, gashinta ya yi ruwan ƙasa, ta ɗaga hanci tana shaƙar iska. Sai ga wani ɗan dunƙule fari sol ya biyo ta yana tangaɗi, ya taka dutse ya mirgino, ya tashi ya shige tsakanin ƙafafunta. Turawa suka riƙa dariya ba sauti, wata na share ido.

"Tubarkalla!" in ji Umma, da raɗar da ta fi maganar wasu ƙarfi. "Dubi ƙiba! Malam, ka gani ko? Ba don kitsen nan ba, da me zai sha? Ina ɗan'uwan nasa?"

Zinatu ta ce, "Yana ciki, Umma, barci yake."

Kowa na kallon ɗan da ya fito, Almu kuwa yana kallon baƙin bakin kogon. Har aka watse yana tsaye a wurin.

Da aka saba da fitar uwa da ɗa, aka rufe su a fili wata safiya don a share kogon. Almu ya ce shi zai shiga. Ya shiga da tocila da cokalin kwasar ciyawa, ya ɗaga shimfiɗar a hankali, tsinke bayan tsinke, har ya kai ga siminti. Bai sami ɗa ba, bai sami ƙashi ba, Margaret ta riga ta gaya masa ba zai samu ba. Da ya juyo zai fita, hasken tocilar ya faɗa gindin ƙofar ƙarfe, ƙarƙashin 'yar tagar. Dunƙulen kitsen Umma na nan inda ya faɗi, ya bushe, ya yi fumfuna, da sauran takarda manne a jikinsa. Ko haƙori ba ta sa masa ba.

Ya tsuguna ya ɗauka, ya naɗe shi cikin takardar, ya fito ya jefa cikin keken shara tare da tsohuwar ciyawa, ya tura ya tafi.